Shekarar da Amsa Take Makara a Hayyin Ashir

Aikin farko da Ammu Sabri ya damƙa mini shi ne matse kan waya. Ba wayar hannu nake nufi ba, irin wadda kuke lallatsawa kuna yi mini dariya idan na ce sayar da kira sana'a ce. Igiyar intanet nake nufi, mai 'yan siraran wayoyi masu launi-launi a ciki. Sai ka feɗe ta, ka jera launukan bisa tsarinsu, ka tura cikin ɗan kan roba, ka matse da filaya. Ka kuskure launi ɗaya, layin ba zai ce maka uffan ba. Na ɓata kawunan roba da yawa kafin hannuna ya faɗa, shi kuwa Ammu Sabri yana zaune yana kurɓar shayi, in na miƙa masa ya ɗaga a haske ya ce, "Ma'alish ya ibni," wato ba komai ɗana, sake wani.

Karatu ya kawo ni Masar daga Gusau, kamar kowa. Ni da karatun muka dubi juna muka ga zamanmu ba zai yi tsawo ba, muka rabu ba tare da faɗa ba. Shagon Ammu Sabri yana ƙasan wani bene a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, tsakanin mai sayar da ful, dafaffen waken Masarawa, da wani wanzami ɗan Sudan. Sentral ake kiran irin wannan shago. A ciki akwai 'yan ɗakunan katako masu tagar gilashi, kowane da kujerar roba da tsohuwar wayar tebur. Ya ɗauke ni ne saboda yawancin masu shigowa Hausa suke ji, shi kuwa Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba, ita ma yana faɗarta kamar yana tsawa.

Ku yanzu kuna ganin kira ba komai ba ne, ka danna ka ga fuskar uwarka tana tankaɗe. A lokacin, uwarka wayar tocila take riƙe da ita a ƙauye, ba ta san wani abu wai shi intanet ba. Aikinmu shi ne mu ɗauki muryarka mu ɗora ta a kan intanet, inda tafiya take da arha, sai ta kusa gida a sauke ta a kan layin waya na yau da kullum. Abin da yake ɗorawar wani akwati ne da bai fi kwalin sukari girma ba, ana soka masa wayoyin tebur ta baya. Mai saukewar kuwa wani ƙaramin kamfani ne a ƙasar waje, wanda muke sayen layi a wurinsa. Ban taɓa ganin fuskar kowa a cikinsu ba, sai dai saƙonnin imel.

Sayen akwatin nan kansa ilimi ne. Kasuwar Ataba muke zuwa, ni da Ammu Sabri, mu kutsa cikin lungunan masu kayan lantarki inda kafaɗa take gogar kafaɗa. Bai taɓa sayen akwati bai shinshina shi ba. Ya ce wanda ya taɓa ƙonewa aka gyara, ƙaurinsa ba ya barinsa. Daga nan sai ya sa a jona shi a wuta, mu zauna mu sha shayin mai shago har akwatin ya ɗau zafi, domin marar lafiya sai ya yi zafi yake nuna halinsa. A can muke sayo batirin da yake riƙe mu idan an ɗauke wuta, da 'yar fanka da muke kafa wa akwatin ita kaɗai. Da rani mu muna zufa, akwati yana shan iska.

Amma babban kayan aikin kunne ne. Mutum zai leƙo daga ɗaki ya ce, "Malam Lawali, layin nan ba kyau." Wannan ba bayani ba ne. Sai ka karɓi kan wayar ka saurara. In kana jin muryarka tana dawo maka, matsalar tana can wajen saukewa. In kalmomi suna gutsurewa kamar ɓera ya ci, yaran benen sama ne suka haɗu a kan intanet ɗin suna kallon ƙwallo. In murya ta koma kamar ta mai magana a cikin tulu, akwatin ne ya gaji, a kashe shi a bar shi ya huce. Na kai matsayin da daga kan kujerata, in na ga yadda mutum yake karkata kai a bayan gilashi, na san abin da yake damun layinsa.

Masu kira kuwa, ai sai wanda ya gani. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗalibanmu da ke unguwar Madinat Nasr sukan cika mikrobas, ƙaramar motar haya, su zo su yi layi har bakin titi. Bahaushe ba ya kira ya faɗi abin da ya kawo shi. Sai an yi ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya jikin Baba, ya ruwa, kowace tambaya da amsarta, ana miƙa wa juna kamar masu ɗaurin buhu. Sai an gaisa da uwa, a miƙa wa gwaggo, a miƙa wa maƙwabciya da ta shigo aron turmi. Hausawan Sudan kuwa sun fi mu, don su bayan sun gama ta Hausa sai su sake sabuwa da Larabci. Ammu Sabri yakan ce da ana biyan haraji a kan gaisuwa, da Hausawa sun gina wa Masar sabuwar dala.

Farkon 2011, lokacin da gari ya hargitse aka yanke intanet na wasu kwanaki, mun zauna muna kallon akwati kamar masu zaman makoki. Na ɗauka ba za mu ƙara ganin abin da ya fi wannan ba. Ashe muguwar shekararmu tana gaba, kuma ba daga titin Alƙahira za ta fito ba. Daga wata kotu za ta fito, a ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Wani babban kamfanin waya ne ya kai ƙaramin kamfaninmu ƙara. Ya ce dabarar da ake bi a gano hanya mafi kusa, a sauke murya daga intanet zuwa layin waya, shi ya ƙirƙiro ta, yana da takardar gwamnati mai shaida haka. Bara'a, in ji Larabawa. Duk wanda zai yi aiki da dabarar sai da izininsa. Namu kamfanin ya ce atafau, wannan dabara kowa ya san ta tun kafin a rubuta takardar, kuma tasa ma ba iri ɗaya ba ce. Na karanta wa Ammu Sabri saƙon ina fassarawa. Ya ajiye kofi ya ce, "Ya Lawali, yanzu mutum zai ce shi ya mallaki hanyar da magana take bi?" Na ce haka suka ce. Ya ce, "To Allah Ya sa kada wani ya yi rajistar hanyar da ful yake bi zuwa ciki."

Labari ya bazu cikin ɗalibai, kuma kun san ɗaliban shari'a, ba a ba su ƙashi su ƙi gwaguya. Layin Juma'a ya koma zauren muhawara. Wani ya ce in dai dabarar ta sata ce, to layin magsubi ne, wato abin ƙwace, hukuncinsa hukuncin salla a gonar da aka ƙwace. Wani ya ce a'a, ilimi ba ya shiga mallaka, ba raƙumi ba ne balle a ɗaure shi. Na uku ya ce malaman zamani sun tabbatar da haƙƙin mai ƙirƙira, amma tunda alƙali bai yanke hukunci ba, asali shi ne kuɓutar wanda ake tuhuma. Duk wannan suna yi ne suna matsawa gaba a layi. Wanda ya fi kowa zafi a kan magsubi, da aka zo kansa, ya shiga ya gaisa da mahaifiyarsa har da tambayar lafiyar akuya, ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Alƙali dai ya ce a dakatar da aiki da dabarar har a gama shari'a. Kamfaninmu bai rufe ba. Injiniyoyinsa suka ƙirƙiro wata hanya ta zagaye wadda ba ta taɓa takardar kowa, suka aiko mana da sabon tsari muka loda wa akwati. Murya tana fita tangaram, ba gutsurewa, ba amsa-kuwwa. Illa ɗaya ce: makara. In ka yi magana, sai ta je ta zaga ƙasashen da ban san adadinsu ba kafin ta isa, amsa ma ta biyo wannan doguwar hanya. Tsakanin maganarka da amsarta, mutum zai iya kurɓar shayi ya ajiye kofi. Duk sentral ɗin unguwar a wurin kamfanin nan suke saye, don haka babu inda za ka gudu. Daga baya kamfanonin sun sasanta layi ya dawo daidai, amma kafin nan mun kwashi watanni muna shan ta.

Bature mai "halo, ina jinka" wataƙila bai damu ba. Mu kuwa gaisuwarmu ce ta rushe. Ka ce ina wuni, ka ji shiru, ka sake cewa ina wuni, sai lafiya lau ta farko ta ci karo da ta biyu, ku duka ku tsaya, ku duka ku sake farawa tare. Wani ɗalibi ya fito yana share zufa ya ce mini mahaifinsa ya ce tunda ya fara karatun Masar ya koyi girman kai, ana yi masa magana yana jan aji kafin ya amsa. Na rubuta gargaɗi da Hausa da Larabci na manna a kowane ɗaki. Ba wanda ya karanta. Mai kiran gida idonsa ba ya ganin bango.

A cikin wannan hali Hajiya Batula ta shigo. Bahaushiyar Sudan ce, dattijuwa, tana sayar da shayi da gahawa a bakin tashar mikrobas, kuma duk unguwar ba wanda bai san ta ba saboda bakinta ba ya ajiye magana. Ba ta taɓa shiga sentral ɗinmu ba sai ran nan da la'asar. Ta tsaya a gabana ta ce, "Ya waladi, ɗana, Sudan zan kira. Yayana Usmanu ba shi da lafiya, 'yarsa ta aiko cewa in ina da magana da shi in yi ta yanzu." Ban tambaye ta ba, ita ta ci gaba. Ranar rabon gonar mahaifinsu ta faɗa masa wata magana a gaban mutane, irin wadda ba a faɗa wa babba. Tun ran nan bai ƙara yi mata magana ba, har ta yi aure, har ta biyo miji Masar, har mijin ya rasu. Ta ce, "Gafara zan nema. In ya tafi bai yafe mini ba, ban san inda zan sa kaina ba."

Na buga mata lambar, na ce, "Hajiya, layin yana da nauyi. In kin yi magana ki jira, amsa tana makara." Ta ce to, amma na ga hankalinta ya riga ya isa Sudan. Ta gilashi nake kallonta. Ta yi 'yar kokawar gaisuwa da 'yar yayan nata, sannan na ga ta gyara zama ta ja mayafi, na san an miƙa wa tsohon. Ta faɗi maganarta a dunƙule, kamar wadda ta kwana tana bitarta. Ta saurara. Sai na ga ta sauke kan wayar a hankali ta ajiye shi a kan katako, ko mazauninsa ba ta mayar da shi ba, ta fito ta wuce ni ta tafi.

Na shiga don in kashe layin. Ina ɗaga kan wayar sai na ji muryar tsoho, a shaƙe, yana numfashi tsakanin kalmomi: "Na yafe miki, Batula. Duniya da lahira. Kina ji na?" Na ce, "Baba, ba ita ba ce, ta fita, bari in kira ta." Kafin maganata ta isa, yana ta kiran sunanta. Da ta isa kuma suka ji muryar namiji baƙo, sai aka kashe.

Na same ta a wurin shayinta tana wanke kofunan da suke a wanke. Na ce, "Hajiya, ya amsa. Wallahi da kunnena na ji, ya ce ya yafe miki duniya da lahira." Ta dube ni ta yi murmushin da ban so ba. Ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ya waladi, kana da kirki. Amma ni na san shirun Yaya. Tun muna yara, in ya yi fushi ba ya zagi, ba ya duka, shiru yake yi. Shirun da na ji yau shi ne na ranar gona." Na yi mata bayanin kotu, da takarda, da hanyar zagaye. Ta ce, "Turawa biyu suna faɗa a ƙasarsu, shi ne zai hana Yaya buɗe baki a kan gadonsa? Khalas, bar shi." Na ce to ta zo mu sake kira, ko a layin ƙasa ne in kai ta. Ta ce ba za ta sa marar lafiya ya ƙi ta sau biyu ba.

Na koma na faɗa wa Ammu Sabri. Ya murza gashin baki, sannan ya ce, "Wadda ba ta yarda da kunnenka ba, sai ka nuna wa idonta."

Da safe shi da kansa ya je, ya ce mata yana son ta taimaka mana mu gwada wani layi, ba Sudan za a kira ba. Ta biyo shi tana mita. Na zaunar da ita a ɗakin da tagarsa take kallon titi. Ammu Sabri ya tsallaka can gefen mai sayar da lemo, ya tsaya da wayarsa ta hannu a kunne, na buga lambarsa ta cikin akwatinmu. Kiran sai ya fita daga Masar ya yi zagayensa kafin ya dawo tsallaken titi. Na ce, "Hajiya, yi masa sallama, kuma ki dubi bakinsa."

Ta yi sallama. Ammu Sabri yana tsaye yana sosa tumbi, yana kallon motoci. Ta ce, "Kai, wannan Bamisiren ya raina ni ne?" Sai ga bakinsa ya motsa, amma wayar shiru. Ya rufe baki ya koma sosa tumbinsa, sannan muryarsa ta faɗo cikin kunnenta tana amsa sallama. Ta janye kan wayar ta dube shi, ta dubi mutumin a tsallake. Ta sake gwadawa, ta sake. Daga nan ta shiga zazzaga masa faɗa da Larabcin Sudan, wai me ya sa tun jiya ba a nuna mata haka ba, a bar tsohuwa ta kwana ba barci. Faɗan yana isa, ya yi abin da kowane Bamisire yake yi in an taso masa, ya ce, "Salli alan Nabi, ya Hajja." Ta tsaya ta yi salati, don ba a ce wa Musulmi haka ya wuce. Tana rufe baki maganarsa ta gaba tana isowa.

Nan dabara ta faɗo mini. Na ce, "Hajiya, haka za ki yi. Duk maganar da kika faɗa, ki bi ta da salatin Annabi a zuci. Kafin ki gama, amsa ta iso." Daga ranar na daina yi wa kowa bayanin kotu. Ɗalibi ko ɗan kasuwa, in zai shiga sai in ce, magana ɗaya, salati ɗaya. Gaisuwa ta dawo kan ƙafarta, kuma ko masu magsubi ba su sami abin cewa ba.

Ta ce in buga Sudan, a wannan wayar, yanzu. Na buga, na ja mata ƙofa, na koma kujerata. Na ga ta yi magana, na ga leɓɓanta suna motsi a hankali, idonta a rufe. Sai ta buɗe ido. Ta sa hannu ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane kuka take ko dariya. Ashe duka biyun ne. Ta daɗe a ciki, ba wanda ya ƙwanƙwasa mata, duk da mutane sun fara taruwa.

Da ta fito tana share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ka san abin da tsohon nan ya ce mini? Wai maganar gona ya yafe tun jiya, ya faɗa har muryarsa ta dushe. Amma ajiye masa waya da na yi yana cikin magana, wannan ba zai yafe ta a waya ba, sai na zo da ƙafata." Ammu Sabri ya tambaye ni me ta ce, na fassara masa. Ya ce, "Yalla, me take jira?"

Ba ta jira ba. Ta bar wa wata maƙwabciyarta tukunyar shayi da kofuna, ta bi motar Aswan, daga can ta tsallaka Sudan. Muka ci gaba da aikinmu, ana ɗauke wuta muna kunna batir, akwati yana shan iskarsa.

Bayan 'yan makonni wayar shago ta yi ƙara da hantsi, ta layin ƙasa, wanda ba ya makara. Na ɗaga, sai na ji muryar Hajiya Batula. Ta ce ta same shi da ransa, ta yi jinyarsa, ita take ba shi kunu a baki yana yi mata faɗan ta cika sukari. Ta ce, "Jiya da yamma Allah Ya karɓi abinsa. Kansa yana kan cinyata."

Na buɗe baki in yi mata ta'aziyya, maganar ta ƙi fita. Ta jira, ta ƙara jira, sannan ta ce, "Lawali, layin ne ko kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."